Wasiƙun Bankin da Na Binne a Durowa

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina aikin rajista a ofishin gwamnati, kuma in akwai abin da na ƙware a kai, to kashe wasiƙa ne. Ba yaga ta nake yi ba, Allah ya kiyaye, ban taɓa yaga takardar kowa ba. Hatimi nake buga mata, in rubuta ranar da ta zo, in huda ta a kusurwa, in zura mata zare, in kwantar da ita a fayil. Shi ke nan. Abin da aiki ya koya mini shi ne yawancin wasiƙu in ka ƙyale su da kansu suke mutuwa. Mai ƙorafi ya gaji, ko a canza masa wurin aiki, ko abin da yake kuka a kai ya gyaru, ko ya ƙarasa lalacewa kowa ya huta. Har tinƙaho nake yi wa abokan aiki cewa ni ba na ɓata lokacina wajen karanta wasiƙa. Kanunta da lambarta kawai zan duba in san fayil ɗin da za ta kwana.

Na fara da wannan ne don a gane irin wautar da na tafka. Ba wautar wanda bai san takarda ba ce. Takarda ce ta ci da ni, ta tufatar da ni, kuma ita ce ta kusa raba ni da gidana.

Gidan da nake ciki a Gaya da rancen banki na ƙarasa shi. A lokacin muna haya a ɗaki biyu, ni da maiɗakina da yara. Mahaifina ya rasu a Kademi, ya bar Inna ita kaɗai a gidan ƙasa da damina ke gutsura kowace shekara. Ina da fili, na kuma fara gini, amma bulo ya kai linta ya tsaya cak har shekara huɗu, awakin unguwa suka mai da shi ɗakin kwanansu. Ana nan sai ƙungiyarmu ta ma'aikata ta kawo mutanen wani banki mai ba da rancen gidaje. Suka ce rancen iri biyu ne. Akwai wanda kowane wata za ka biya kuɗin ruwa haɗe da wani yanki na uwar kuɗin, bashin yana raguwa a hankali. Akwai kuma wanda kuɗin ruwan kaɗai za a dinga cira daga albashinka, uwar kuɗin tana nan kwance ba ta motsi, sai wa'adi ya cika ka kawo ta a dunƙule. Na farkon zai cinye mini kusan rabin albashi. Na biyun kuwa ko a jikina. Na lissafa na ga wa'adin, shekara goma sha biyar, zai cika daidai da lokacin da zan ajiye aiki, sai in ɗauki giratutina, wato kuɗin sallama, in miƙa musu. Na ji kaina ya yi girma da wannan dabara. Na sa hannu, na ba su takardar filin suka riƙe.

Na san abin da malamai suke faɗa a kan kuɗin ruwa, ba zan ce ban sani ba. Shi ya sa ban gaya wa Inna ba. Maiɗakina ta san ana yankar albashina saboda gida, amma a zatonta bashin ne ke raguwa, ni kuma ban ga dalilin gyara mata zato ba.

Ranar da na ɗauko Inna daga Kademi a bayan a-kori-kura, da kwallayenta da turminta da tunkiya ɗaya, ta zagaya gidan tana shafa bango da tafin hannu. Ni ne ɗan farinta, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba, Akawu take ce mini tun ranar da na fara aiki. Ta zaɓi ɗakin da ke kusa da zaure, ta hana a yi siminti a ƙofarsa, wai ƙafarta ba ta saba da sanyinsa ba. Ta shuka zogale a jikin katanga. Duk matar da ta zo gaishe ta daga ƙauye sai ta kai ta har bayan gida ta nuna mata famfo, tana cewa gidan Akawu ne, da guminsa ya gina. Ina jin wannan magana sai in shiga gyaran babur ɗin da lafiyarsa ƙalau.

Shekara goma sha biyu suka wuce lami lafiya. A lokacin an mai da ni Ajingi, kullum da safe in hau babur in tafi, da la'asar in dawo. Wata safiya masinjanmu, wani dattijo mai yawan cin goro, ya ajiye mini wasiƙu a tebur, cikinsu har da farin ambulan mai sunana da tambarin bankin. Na farke. Kanun ya ce magana ce a kan biyan uwar kuɗin rancen gida. Iyakar abin da na karanta ke nan. Hannuna bai tsaya jiran shawarata ba: ya ɗauki hatimi ya buga, ya rubuta kwanan wata, ya huda kusurwa. Sai da na ɗaga ta zan sa a fayil na tuna cewa wannan ba ta da fayil, tawa ce. Na jawo durowar ƙasa, na ɗaga wani tsohon littafin shige da fice, na kwantar da ita a ƙarƙashinsa.

Ba don na manta da bashin na tsorata ba. Abin da ya canza shi ne, a shekarun nan na ga yadda giratuti yake zuwa. Manyan da suka koya mini aiki, waɗanda suka yi ritaya, su ne ke shigowa ofishina da takardunsu a leda, hula ta koɗe, suna tambayata cikin ladabi ko akwai labari. Wani ya shekara biyu yana zuwa, wani fiye. Na san ranar da wa'adina zai cika kuɗin nan ba za su kasance a hannuna ba. Kuma a raina na riga na yanke abin da wasiƙar ta ƙunsa: ka kawo kuɗinmu gaba ɗaya, ko ka fitar mana daga gida.

Ba wai ba ni da komai ba ne. Ina da gonar gyaɗa da na gada a Kademi. Ina da 'yan shanu a hannun wani aminina Bafulatani da rugarsu ke bayan Ajingi, waɗanda suka fara daga karsana ɗaya. Amma ko an haɗa su duka ba za su rufe bashin ba, ni kuma a tarbiyyar da na tashi ba ka zuwa gaban mai binka da rabin kuɗi, balle hannu biyu. Ko dai ka je da abinsa cikakke, ko in ka hango shi ka sake hanya. Sai na sake hanya.

Bayan wata shida ta biyu ta zo. Na buga mata hatimi ta bi 'yar'uwarta. Sai wata lamba ta fara kirana a waya. Na ɗauka sau ɗaya, na ji muryar mace ta ambaci sunan bankin, na ce ba na ji sosai, na kashe. Na adana lambar da sunan "Kar a ɗauka". Ta uku ta zo da jan layi a ƙarƙashin kanunta, ita ko farke ta sosai ban yi ba, na leƙa kawai na tura ta ƙasa.

Shekara biyu na yi a haka, kuma ban taɓa shan wahala irin tasu ba. Tuwo ya daina yi mini daɗi. Na zama mai faɗa a kan gishiri, a kan buta, a kan takalmin da aka bari a hanya. Ranar kasuwar Ajingi in na hango mai farar riga da ɗamarar wuya irin ta ma'aikatan banki sai in faɗa rumfar masu hatsi in shiga tayin dawar da ba saya zan yi ba. Na taɓa shiga Kano na ga wani gida an rubuta masa jan fenti a bango, ban ma tsaya karanta abin da aka rubuta ba, amma na yi sati ina ganin katangar zogalen Inna da irin wannan rubutu. Abin da ya fi ba ni haushi yanzu in na tuna shi ne abin da na yi da kuɗin gyaɗar kakar shekarun nan biyu. Fenti na yi wa gidan, ciki da waje, na canza ƙofar zaure na sa ta ƙarfe mai ado. Har yau ban san me nake nufi da hakan ba. Wataƙila so nake gidan ya ƙara zama nawa a ido, tunda a takarda ba nawa ba ne.

Wata Alhamis bayan kaka na dawo daga Ajingi da la'asar, da rake ɗaure a bayan babur, sai na tarar da farar mota a ƙofar gidana, direba ya kwantar da kujera yana barci. Maƙwabtan da ke zaune a dakali suka yi mini sannu da zuwa da wata irin fara'a da ta wuce ta kullum. Na so in wuce kamar ba gidana ba ne, to amma ina za ni?

A ƙofar ɗakin Inna na same su. Wata matashiya ce, ba za ta girmi babbar 'yata ba, da mayafi ruwan toka da katin aiki rataye a wuya. Ta tuɓe takalmi tana zaune a tabarma, kwanon fura a gefenta ta sha rabi, tana taya Inna ɓarar gyaɗa. Ashe tun azahar take nan. Inna ta ce mini ga baƙuwata daga birni, ta tambaye ta saƙonta ta ce ba za ta faɗa ba sai ga mai shi, kuma ita ta yaba da wannan tarbiyya. Muka gaisa. Na ce wa baƙuwar mu koma zaure. Inna ba ta ɗago kai daga gyaɗarta ba ta ce nan ma akwai inuwa.

Yarinyar ta dube ni ta ce, a ƙa'idar aikinsu ba ta da ikon yin maganar a gaban kowa sai da izinina, in na fi son zaure sai mu je. Ta ba ni ƙofar fita ke nan, kuma Allah ya sani na so in bi ta. Amma na dubi Inna, na ga yadda take ɓare gyaɗar ɗaya bayan ɗaya ba ta ko kallon hannunta, na san ta riga ta ga tambarin da ke jikin katin, ko ba ta iya karatun boko ba ta san kalar tsoro a fuskar ɗan da ta haifa. Na gaji kuma. Na jingine raken, na zauna a bakin tabarma.

"Faɗi, 'yata," na ce. "Mahaifiyata ce."

Ta fara da tambayata ko wasiƙunsu ba su iso ba ne. Babu ƙaryar da ta fi wannan sauƙi a sana'ata, na ji an yi ta sau ba adadi, ni ma na taya wasu yin ta. Amma na ce mata sun iso, duka ukun, har hatimi na buga musu.

Ta yi ƙoƙarin danne dariya. Sannan ta yi bayani a hankali, da Hausa mai sauƙi, yadda Inna ma za ta gane. Ta ce wasiƙun ba na kora ba ne. Duk wanda ya ɗauki irin wannan rance, in wa'adinsa ya kusa, sukan rubuta masa su tambaye shi yadda ya shirya biyan uwar kuɗin, don in akwai matsala a san da ita da wuri. Fom ne shafi ɗaya a maƙale a baya, a cike a mayar. Ta ce in giratuti nake jira, ana iya ƙara mini wa'adi. Ta ce kuma ba dole sai a dunƙule ba: duk lokacin da na samu wani abu, komai ƙanƙantarsa, zan iya kai shi a rage daga uwar kuɗin, kuma da zarar ta ragu, abin da ake yanka a albashina ma zai ragu. Na tambaye ta tun yaushe aka fara yarda da hakan. Ta ce ai tun ranar da na sa hannu, kuma an sake rubuta shi a wasiƙar farko, a sakin layi na biyu.

Na ɗaga kai na kalli fentin gidana. Kore ne mai haske, an yi masa farin layi a ƙasa, mai fentin ya caje ni kuɗin layin daban.

Ta ƙara da cewa abin da ya sa aka turo ta takanas shi ne shirun ya yi yawa. "Baba, wallahi mun ɗauka ko rasuwa ka yi, iyalinka ba su san da maganar ba."

Nan ne hannun Inna ya tsaya. Ta tambayi yarinyar ko ta fahimta daidai: takardar gidan tana hannunsu, abin da ɗanta yake biya duk wata shekara goma sha huɗu bai taɓa jikin bashin ba, kuma sai an kawo uwar kuɗin za a saki takardar. Yarinyar ta ce haka ne. Inna ta ce to ai jingina ce, irin ta gona, mai kuɗi yana cin amfani kowace kaka, kuɗinsa na nan yadda suke sai ranar fansa. Yarinyar ta ce kusan hakan ne. Inna ta yunƙura ta miƙe. Ta ɗura mata gyaɗa a leda, ta sa aka tsinko mata zogale, ta raka ta har zaure da sandarta tana sa mata albarka. Yarinyar ta bar mini sabon fom, ta rubuta ranar da zan same ta a ofis.

Da motar ta tashi na dawo na tsaya ina jiran hukunci. Na shirya wa maganar kuɗin ruwa, har na tanadi amsoshi, cewa lalura ce, cewa ɗakinta na Kademi ya kusa faɗo mata a ka. Ba ta nan ta ɓullo ba. Ta ce in zauna. Ta tambaye ni ko na tuna ranar da aka ɗauki mahaifina, lokacin da aka ajiye shi za a yi masa salla liman ya juyo ya tambayi jama'a ko akwai mai binsa bashi. Na ce na tuna. Wani mutum ne ya ɗaga hannu a kan cikon kuɗin jaki, ni kuma na ce na ɗauka, domin tun yana kwance mahaifina ya kira ni ya faɗa mini, har da inda zan samu kuɗin.

"To kai da ka faɗi a kan babur ɗin nan a hanyar Ajingi," ta ce, "wa zai tashi ya ce ya ɗauka? Wa ya sani? A binne ka da bashi a wuya, mu kuma muna nan muna cewa ba ka bar komai ba."

Ta ce maganar ruwan kuwa tsakanina da Ubangijina ce, in nemi gafara, in kuma yi sauri in fita daga ciki. Ta jawo farantin gyaɗarta ta ci gaba da ɓara. Har na miƙe sai ta ƙara magana ɗaya, ba tare da ta dube ni ba.

"Ni dai, Akawu, ba na so a wanke ni a gidan jingina."

Abin mamaki, a ranar na ci tuwo malmala biyu. Kunya ta ishe ni, amma wani dutse da na shekara biyu ina ɗauke da shi a ƙirji ya sauka. Maiɗakina ce ba ta sauka da wuri ba. Da na yi mata bayani sai ta tambaye ni ko fentin ma da bashi aka yi shi. Sati guda tana ajiye mini abinci ba tare da ta ce ga shi ba, kuma ban ga laifinta ba.

Washegari a ofis na jawo durowar ƙasa, na zaro wasiƙun uku, na karanta su daga sama har ƙasa, karon farko a rayuwar aikina da na yi wa wasiƙa wannan karamci. Babu zagi, babu barazana. Ta farkon har da fatan ina cikin ƙoshin lafiya. Ta ukun ce kawai ta ɗan ɗaure fuska, ita ma roƙona take in kira su. Na zauna ina kallon hatimina a goshin kowacce, da kwanan wata da rubutuna mai kyau, na rasa dariya zan yi ko kuka.

Ranar da aka sa mini na hau bas na shiga Kano, da fom ɗina a cike. Ban fi awa ɗaya a bankin ba. Aka ƙara mini shekara biyu a kan wa'adi, aka rubuta cewa zan dinga rage uwar kuɗin duk kaka, in giratuti ya fito in cike. Na fito na tsaya a bakin titi na sayi gurasa na ci a tsaye, ina ta mamakin wai wannan ne abin da na yi shekara biyu ina ɓuya a rumfar masu hatsi saboda shi.

Sai aka shiga fansa. Na je ruga na gaya wa aminina ina son a fitar da shanun, a bar mini saniya ɗaya. Bai tambaye ni dalili ba, ya dai dube ni ya ce in bari sai an kusa salla farashi ya ɗaga, kuma shi da kansa ya kora su kara, kasuwar shanu, ya tsaya a kan cinikin. Na ji zafin rabuwa da su, musamman wani jan sa da nake zuwa gani duk ranar kasuwa kamar ɗan'uwa. Gyaɗa kuwa Inna ce ta karɓi ragamarta. In an kawo buhuna daga Kademi sai ta sa a shimfiɗa mata tabarma a zaure, ta zauna a gabansu da sandarta. A ware na ci, a ware na iri, sauran ko tiya ɗaya ba mai taɓawa. Shekarar da babur ɗina ya fara shan mai kamar rijiya na nemi a sayar da buhu biyu in canza inji, ta ce in ƙafata ta lalace ne in faɗa mata.

Duk lokacin da na kai kuɗi na dawo da rasit sai ta tambaye ni saura nawa. In na faɗa mata da naira sai ta ce in bar mata lissafin 'yan boko, in faɗa mata da abin da ta sani. Sai in ce saura kamar sa uku da buhu goma. Bayan wata kaka in ce saura sa biyu. Haka muka dinga cin garken nan a baki har ya koma ɗan maraƙi. Na ajiye aiki a tsakanin, na shiga sahun masu zuwa da takardu a leda, na kuma gane yadda ake ji in akawu ya karɓi takardarka ya duba kanunta kawai.

Inna kuwa tana ta tsufa. Gwiwa ta ƙi, ido ya fara hazo. Wata damina zazzaɓi ya kwantar da ita har muka tsorata, 'yan'uwa suka fara zuwa daga Kademi suna zama jugum. Na durƙusa a gefen gadonta ina yi mata sannu, ta buɗe ido ta ce in daina yi mata wannan fuskar, ba yanzu ba, ai ba a fanshi gidan ba. Bayan kwana huɗu ta tashi ta nemi kunu.

Giratutin ya zo a gutsure, kashi biyu, na farko bayan na kusa fid da rai. Kashi na biyun ne ya rufe bashin, saura wata biyar ƙarin wa'adin ya cika. Yarinyar nan, wadda a lokacin ta yi aure har da goyo, ita ta miƙo mini takardar filina a cikin ambulan ruwan ƙasa, ta ce in gaida mata Inna, in ce har yanzu ba ta sha fura irin tata ba. A bas na rungume ambulan ɗin a cikin riga tun daga Kano har Gaya, gumi ya jiƙa gefensa.

Na sami Inna a ƙofar ɗakinta. Na durƙusa na ɗora mata takardar a cinya. Ta shafa ta kamar yadda ta shafa bango ranar da ta tare, ta ce in nuna mata inda aka kashe sunan masu kuɗin. Na kama yatsanta na ɗora a kan hatimin da suka buga. Ta daɗe da yatsan a wurin. Sannan ta ce a miƙo mata babbar kwallarta ta ƙarƙashin gado, wadda ba mai buɗewa sai ita. A ciki akwai farin yadin da ta saya ta ajiye wa kanta tun shekarun baya. Ta ɗora takardar a kansa ta rufe, ta ce a nan za ta zauna, tunda ni ba a ba ni ajiyar takarda.

Ta ƙara kaka ɗaya da rani ɗaya a duniya, ta ci gyaɗar da ba a ware wa kowa ba. Ta rasu wata safiya bayan ta karya kumallo. Da maiɗakina ta buɗe kwallar za ta ɗauko yadin, takardar ce a sama, ta kawo mini ita zaure, na sa a aljihu. A tsakar gidan aka yi mata wanka, a jikin katangar zogalenta, a kan ƙasar da ta hana a yi wa siminti.

Da aka fito da ita ƙofar gida aka daidaita sahu, liman ya juyo ya tambaya ko akwai mai binta bashi. Aka yi tsit. Ya sake tambaya, ya kuma maimaita na uku. Ina jin kukan wata kaza a bayan katanga, ina jin kaifin takardar a ƙirjina ta cikin aljihu. Ba wanda ya ɗaga hannu. Hawaye na zubo mini, amma ban taɓa jin shirun da ya yi mini daɗi kamar wannan ba. Liman ya juya ya ta da kabbara.